Rauta mai ɗaukar sim a matsayin madogara: wace hanya ta dace da gidan da ke da intanet na fiba?

Wanda ya ja wayar fiba zuwa gidansa yakan ɗauka cewa ya yi sallama da matsalar sabis, har sai ranar da masu aikin titi suka iso unguwarsu da motar haƙa. A daminar da ta gabata haka ta faru a layinmu: ana gyaran magudanar ruwa, bakin motar ya tsinke wayar, ƙaramar fitilar nan da aka rubuta LOS a jikin akwatin fiba ta koma ja tana ƙyaftawa, kuma sai da aka kwana uku kafin ma'aikatan kamfanin su zo su haɗa. A cikin kwanakin nan uku na gane cewa tambayar ba ta tsaya a kan ko mutum yana da wani sim a ajiye ba, domin kusan kowa yana da shi. Abin dubawa shi ne ta wace hanya sabis ɗin sim ɗin zai shiga gida, da kuma ko zai karɓi aiki da kansa ko sai an tashi an haɗa shi da hannu.

Hanya mafi araha ita ce wayar da ke aljihu. Ana kunna hotsifot, kwamfuta ta kama, aiki ya ci gaba, kuma ba a kashe ko sisi wajen sayen wata na'ura ba. Akwai ma dabarar da ke rage wahala: idan aka ba hotsifot ɗin suna da kalmar sirri iri ɗaya da na wayfay ɗin gida, sannan aka kashe babbar rauta, wato na'urar da ke raba wayfay a gidan, to talabijin da sauran wayoyi za su kama da kansu ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ga mutum ɗaya da ke zaune shi kaɗai, wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa sai jefi-jefi, ban ga dalilin wuce wannan ba. Amma waya tana bin mai ita duk inda ya tafi, don haka da zarar ya fita kasuwa ko masallaci gidan ya koma babu komai. Tana zafi idan ta daɗe a caji tana rarraba data, kuma idan layin ba ya ɗaukar kira a kan 4G, duk kiran da ya shigo yakan sauke ta zuwa 3G ko 2G, taron bidiyon da ake yi a kwamfuta ya tsaya cak a tsakiyar magana.

Ƙaramar mayfay ta aljihu, wato na'urar nan mai sim da batir da ke raba wayfay, ta magance matsalar tafiyar mai waya, kuma batirinta yana da amfani a ƙasar da wuta ba ta da tabbas. Sai dai yawancinsu ba su da ramin da ake soka kebul na intanet, saboda haka ba a iya haɗa su da babbar rauta kai tsaye, sannan ba a ƙera su don zama a jikin caja dare da rana ba. Tawa ta farko na bar ta a soke tsawon bazara guda, a ɗakin da rufin kwano ke gasa shi tun hantsi, sai wata rana na ga murfin bayanta ya ɗaga saboda batirin ya kumbura. Mayfay abokiyar tafiya ce, ba ta zaman gida ba.

Ainihin zaɓin da ke gaban mai son madogara ta dindindin yana tsakanin tsari biyu ne, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau. Na farko shi ne akwati ɗaya da ke yin komai, wato rauta mai ramin sim wadda kuma take da rami guda da aka rubuta LAN/WAN a kansa. Ana soka kebul ɗin da ya fito daga akwatin fiba a wannan rami, a sa sim a ciki, a shiga shafin saiti a zaɓi cewa fiba ce kan gaba, sim kuma ya jira. TP-Link TL-MR6400 da Archer MR600 suna yin haka, wasu daga cikin na Huawei irin su B535 ma suna yi. Na biyu shi ne akwati biyu: babbar rautar gida ta ci gaba da riƙe wayfay da duk na'urorin gida, a kawo rauta mai sim a mayar da ita modem kawai, wato mai kamo sabis ɗin sim ta miƙa wa babbar, a haɗa ta da rami na biyu na shigowar intanet a jikin babbar. Wannan yana buƙatar babbar rauta mai karɓar hanyoyi biyu, kamar TP-Link ER605, ko na MikroTik, ko na GL.iNet, ko yawancin na Asus, ko kuma duk wadda aka ɗora wa manhajar OpenWrt tare da mwan3, ƙarin da ke sauya hanya idan ɗaya ta mutu.

Akwati ɗaya ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma ya fi ƙarancin cin wuta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke kan sola ko ƙaramin batir: idan aka duba cajar irin waɗannan na'urori galibi za a ga an rubuta 12V 1A, ma'ana ba za ta wuce wat 12 ba, don haka akwatin fiba da rauta ɗaya iyakarsu wat 24, idan aka ƙara na uku kuma lissafin ya koma 36. Rauninsa yana wajen mazauni. Sabis ɗin waya ya fi ƙarfi a bakin taga, ta ɓangaren da ke fuskantar ƙarfen sabis, shi kuwa wayfay ya fi yaɗuwa idan rautar tana tsakiyar gida, kuma akwati ɗaya ba zai zauna a wuri biyu ba. A gidan bulo mai ɗakuna da yawa dole ɗaya ya cutu. Akwai kuma abin da masu saye ba su cika lura da shi ba: ramukan TL-MR6400 ba sa wuce megabit 100 a daƙiƙa, saboda haka wanda ke biyan kuɗin fiba mai gudun da ya fi haka ya rage wa kansa gudu a kowace rana saboda matsalar da ba ta zuwa sai sau ƙalilan a shekara. Archer MR600 ramukanta na gigabit ne, ba ta da wannan illa.

Akwati biyu yana raba aikin yadda ya kamata. Rauta mai sim tana iya zama a saman bene ko a bakin tagar da ta fi samun sabis, a ja kebul daga can zuwa babbar rauta, kuma kebul na intanet yana kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba. Wannan ya fi sayen doguwar wayar eriya, domin ita wayar eriya kowace mita tana cinye wani kaso na ƙarfin sabis ɗin da aka wahala aka kamo. Inda sabis ya yi rauni sosai akwai na'urorin da ake ɗaurawa a waje, irin su MikroTik LHG LTE, waɗanda modem da eriya suke a haɗe kuma wuta take isa gare su ta cikin kebul ɗin da ke ɗauko data. Wata fa'idar ita ce ranar da aka so sauya modem, ko a koma 5G, ba a taɓa saitin gida ko kaɗan.

To, mene ne mayar da rauta ta zama modem? Kowace rauta tana aiki ne kamar zauren gida: daga waje adireshi ɗaya ake gani, a ciki kuma ita ke raba wa kowace na'ura nata adireshin, tana lura da wanda ya aika saƙo domin ta mayar masa da amsa. Idan aka haɗa rauta a bayan rauta an yi zaure biyu ke nan, duk abin da zai shiga sai ya yi sallama sau biyu. Saitin da ake kira Bridge Mode, ko IP Passthrough a wasu na'urori, yana rushe zauren farko, rauta mai sim ta miƙa wa babbar adireshin da kamfanin waya ya ba ta ba tare da ta tsoma baki ba. Masu harkar sadarwa suna ba wannan saiti muhimmanci sosai, har wasu su ce kada a sayi na'urar da ba ta da shi. A ganina an zuzuta shi fiye da ƙimarsa, kuma dalilin shi ne akwai zaure na uku da ba a hannun mai gida yake ba. Kamfanonin waya kusan duka suna tara dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, kuma mutum zai iya gane haka idan ya ga adireshin da sim ɗinsa ya samu ya fara da 10, ko ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127. Muddin haka ne, ko an rushe zauren gida, babu mai iya shigowa daga waje kai tsaye. Wanda ke duba kyamarorin tsaro ta hanyar buɗe ƙofa a rauta zai ga sun ɓace a ranar da aka koma kan sim, da wannan saiti ko babu shi, sai dai idan kyamarorin suna bi ta sabar kamfanin da ya ƙera su ne, ko an kafa wata hanya irin ta Tailscale.

Ga karatu, aikin ofis, WhatsApp, YouTube da taron bidiyo, zaure biyu ba ya hana komai. Masu wasannin intanet da masu wasu nau'o'in VPN na wurin aiki ne suka fi jin bambancin. Don haka idan rautar da kamfanin waya ya sayar ba ta da wannan saiti, wanda hakan ya zama ruwan dare domin kamfanoni sukan ɓoye shi a manhajar da suke ɗorawa, ba sai an jefar da ita ba. Ana iya sa adireshin babbar rauta a gurbin da aka rubuta DMZ a shafin saitin rauta mai sim, wanda ke tura mata duk abin da ya shigo. Abubuwa biyu ne ba a sakaci da su. Na ɗaya, kada rautocin biyu su yi amfani da jerin adireshi iri ɗaya: na Huawei galibi suna kan 192.168.8.1, kuma na GL.iNet ma a kan wannan adireshin suke fitowa daga kamfani, saboda haka wanda ya haɗa su bai sauya ɗaya ba zai ga fitilu duka suna kore amma shafi ko ɗaya ba ya buɗewa. Na biyu, a kashe wayfay ɗin rauta mai sim gaba ɗaya, in ba haka ba yaran gida za su gano shi su riƙa hawa, a wayi gari ranar buƙata babu ko megabait ɗaya.

Shi kansa saitin Bridge Mode ɗin yana da tasa matsalar da ba a cika faɗa ba. A wasu na'urori, da zarar an kunna shi shiga shafin modem ɗin yakan yi wuya, alhali a can ne ake karanta saƙonnin da ke zuwa wa sim ɗin, a can ne kuma ake danna *323# don duba ragowar data ko *312# don sayen wata, lambobin da hukumar NCC ta daidaita wa dukkan kamfanoni a 2023. Kafin a ɗora modem a inda sai da tsani ake kai wa, ya kamata a tabbatar an yi rajistar layin a manhajar kamfanin a waya, yadda za a iya saya masa data daga nesa.

Wurin da tsarin akwati biyu ya fi nuna fifikonsa shi ne yadda ake gane cewa fiba ta mutu. Wasu rautoci masu araha suna duba abu ɗaya ne kawai, wato ko akwai kebul mai rai a ramin. Amma lokacin da aka tsinke fiba a bakin titi, akwatin da ke cikin gida yana nan a kunne, kebul ɗin da ke tsakaninsa da rauta lafiyarsa ƙalau, don haka rautar tana ganin komai daidai ne, ta ci gaba da tura saƙo cikin ramin da ba ya kaiwa ko'ina. Haka ta faru da ni a karon farko da na gwada, ina zaune ina jiran sauyin da bai zo ba. Rauta mai kyau tana aika ɗan ƙaramin saƙon gwaji zuwa wani adireshi na waje, kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, bayan kowane 'yan daƙiƙoƙi, idan amsa ta ƙi dawowa sau uku ko biyar a jere sai ta juya zuwa sim. Gwajin bai da tsada: ko ana yin sa duk bayan daƙiƙa 5 ta kan sim ɗin, abin da zai ci a wata bai kai megabait 100 ba. Ya kamata kuma a sa ta ta ɗan jinkirta kafin komawa kan fiba, domin lokacin da ma'aikata ke gyara layin yakan zo ya tafi sau da yawa, kuma kowane sauyi yana canza adireshin gidan, abin da ke katse taron bidiyo na ɗan lokaci, wani sa'in ma ya fitar da mutum daga manhajar banki. Wannan katsewar ta 'yan daƙiƙoƙi babu tsarin da ya kuɓuta daga gare ta a cikin waɗanda ake magana a kansu.

Batun 4G ko 5G bai kai yadda masu talla ke nunawa ba. MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, Mafab da Airtel suka biyo baya a 2023, a kan zangon gigahaz 3.5 (zango shi ne hanyar iska da sabis ke bi, wato band), wanda ke da gudu amma ba ya ratsa bango kamar ƙananan zanguna, kuma har yanzu ya fi yawa a manyan birane. Na'urarsa ta fi tsada nesa ba kusa ba, ta fi cin wuta, ta fi ɗaukar zafi. Ga layin da zai yi aiki kwana kaɗan a shekara, 4G ya wadatar. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne ajin modem ɗin: Cat 4 iyakarsa megabit 150 kuma zango ɗaya yake kamawa a lokaci guda, Cat 6 kuwa yana kai 300 saboda yana haɗa zango biyu, kuma amfanin haka ya fi fitowa bayan sallar isha, lokacin da kowa ya hau sabis ya cunkushe. Wanda zai sayi na'urar da aka shigo da ita daga waje, musamman ta hannu, ya duba ko tana ɗaukar zangunan da ake amfani da su a nan, wato 3, 7, 20 da 28, domin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka tana iya rasa mafi yawansu. Ya kuma tambaya ko a kulle take a kan kamfani ɗaya. Kullalliya ta fi araha, amma tana ɗaure mutum a ranar da sabis ɗin wannan kamfani ya lalace a unguwarsu. Wajen zaɓen mazauni kuma kada a dogara da sandunan da ke jikin na'urar. A shafin saiti akwai lamba mai suna RSRP da ke nuna ƙarfin sabis: daga -80 zuwa -90 yana da kyau, idan ta gangara ƙasa da -100 to a gwada wata tagar ko a nemi eriya.

Duk wannan tsari bai da amfani idan layin biyu igiya ɗaya ta ɗaure su. Idan kamfanin da ya ja fiba shi ne kuma mai sim ɗin, matsala ɗaya a cibiyarsa tana iya kwantar da su tare, don haka sim ɗin madogara ya fito daga wani kamfani dabam. Ko da haka kariyar ba cikakkiya ba ce, domin su ma ƙarafan sabis da fiba ake ciyar da yawancinsu, wani lokaci ta cikin ramin ƙasa ɗaya da wayar da aka tsinke ɗin nan. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, masu fiba da masu sim da yawa tare suka shiga wahala. A Satumbar 2021 kuma, da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, babu rauta mai sim da ta tsinana komai a wuraren. Hanyar da ta fi nisanta da waɗannan ita ce tauraron ɗan'adam, kuma Starlink ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Sai dai kayanta da kuɗin watanta sun fi ƙarfin a ajiye su suna jiran ranar tsautsayi a gidan talaka, babban farantinta yana cin wat 75 zuwa 100, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana iya katse ta na ɗan lokaci. Ta fi dacewa da wanda yankewar awa ɗaya ke jawo masa asarar da ta fi kuɗinta, ko kuma ta zama ita ce babban layi, sim ya zama madogararta.

Sauyi na kai tsaye yana da wani tarko da hotsifot ba shi da shi. Wayoyin Android suna gane hotsifot na 'yar'uwarsu su rage cin data, amma idan babbar rauta ce ta juya zuwa sim, babu na'urar da ta san an sauya, kowa yana ganin wayfay ɗin da ya saba. Kwamfuta ta ci gaba da sauke sabuntawa, wayoyi su ci gaba da tura hotuna ma'ajiya, talabijin kuma yana jan kusan gigabait 3 a awa idan hoton mai kyau ne, har zuwa 7 idan 4K ne. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan sakaci ya ƙara tsada. A nan ma rauta irin ta MikroTik ko OpenWrt ta fi, domin ana iya ba ta umarni cewa idan aka koma kan sim kwamfutar aiki da wayoyi biyu ne kawai za su wuce, talabijin ya jira fiba. Akwati ɗaya galibi iyakarsa ya sa wa data ƙa'ida ya yanke idan an kai, wanda ya fi babu.

Idan aka ce in zaɓa wa gida mai ɗaki biyu ko uku, wanda fibarsa ba ta wuce megabit 100 ba kuma sabis yana shiga falo da kyau, akwati ɗaya na ajin Cat 6 zan nuna, da sharaɗin a gwada yadda yake gane mutuwar layi kafin a biya. Gida babba, ko wanda ake aiki daga cikinsa kullum, ko wanda ya riga ya mallaki rauta mai kyau, akwati biyu ne nasa, kuma rauta mai sim ɗin ba sai mai tsada ba tunda wayfay ɗinta a kashe zai zauna. A kowane hali a haɗa dukkan akwatunan a kan ƙaramin batir ɗaya mai fitar da 12V, domin modem mai rai bai da amfani idan rautar da ke bayansa ta mutu da ɗaukewar wuta.

Sim ɗin kansa yana buƙatar kulawa. Dole a haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi, kuma layin da ya yi wata 6 ba a yi wani abin da ya ci kuɗi da shi ba ana iya dakatar da shi, daga baya ma a ba wani. Ƙaramin ƙunshin data mai dogon wa'adi yana riƙe layin da rai, kuma yana tabbatar da cewa akwai abin da za a hau a mintin farko, sauran a saya idan an ga gyaran zai ja lokaci. Gwajin sauyawa zuwa sim kuma a riƙa yin sa duk wata ko biyu, amma ba ta hanyar zare kebul ɗin da ke shiga rauta ba, domin wannan kowace na'ura tana gane shi. A bar akwatin fiba a kunne, a zare siririyar wayar fiba ɗin daga jikinsa a hankali ba tare da an lanƙwasa ta ko an kalli bakinta ba, a jira fitilar LOS ta yi ja, sannan a duba agogo a ga daƙiƙa nawa za a yi kafin shafi ya sake buɗewa.